Shekarar Da Muka Cika Tanki Da Tulu

Abin da ya sa na tsallake shekaru na tsaya a kan wannan, magana ce da na ji bara a wurin bikin suna a Wara. Ina zaune a bayan ɗaki ina cin tuwona, sai na ga wata yarinya da ko autata ba ta kai ba tana nuna ni da baki, tana ce wa ƙawarta wai waccan tsohuwar ce ta tsiraita surukinta a gaban manyan gwamnati. Ban tanka mata ba, don ba ita ta ƙago ba, a gida ta ji. Na san ku ma kun tashi kuna jin wannan magana, kunyata ce ta hana ku tambaya. To ga yadda aka yi daga bakin wadda ta yi. Kuma ku sani ba ni kaɗai masu yaɗa labarin suka zalunta ba, har da kakanku, wanda suke mayarwa wawa alhali ya fi ubanninsu hankali.

Ni dai kun sani 'yar Yelwa ce. Ubana ɗinki yake yi a bakin kasuwa, jirgin ruwa kuwa sai dai na kallo na sani. Aure ne ya kawo ni tungarku ta bakin tafki a ƙasar Ngaski, wurin mutanen da ruwan dam ya cinye gungunsu, aka kwaso su aka jera musu ɗakuna iri ɗaya a kan tudu. Kakanku, wanda har yau bakina ba ya iya kama sunansa, shi ne mai gari. Baba muke ce masa. Dogon mutum ne marar yawan magana. Idan ya zauna a gindin tsamiya yana ɗinkin komar kamun kifi sai ka rantse bai san abin da duniya ke ciki ba, nan kuwa ko kaza ce ta yi ƙwai a tungar yana da labari. Tsakanin suruki da matar ɗa ba a hira, gaisuwa ce daga durƙushe kai a ƙasa, amma ƙauna ba ta ɓuya. Duk ranar da aka kamo giwan ruwa sai ya sa a yanko tsoka zalla a kawo mini, ya ce 'yar birni ba ta iya ƙaya ba, kada ta maƙale a ce sun kashe ɗiyar mutane. Ɗiyata yake kirana. Matan gidan har tsiya suke yi mini, wai na zuba masa wani abu a kunu.

Wanda bai zauna bakin tafki ba dariya yake yi idan ya ji mutanen tunga na kukan ruwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A gungu, in ji Inna kakarku, gulbi gudu yake yi, ka kamfata ka sha lafiya lau. Tafki kuwa a kwance yake. Bakinsa ciyawa ce da laka da katantanwa. Nan shanu ke sha, nan ake wanki, nan ake gyaran kifi, nan kuma muke cika tulu. Idan ruwa ya ja baya sai mu bi shi cikin taɓo har gwiwa. Yaran tungar kusan duk fitsarin jini suke yi, har an ɗauke shi alamar yaro ya fara girma. Amma abin da ke kisa gudawa ce da amai. Ita ta ɗauke mini Rakiya, yayarku da ba ku sani ba, tana tsakiyar koyon magana. Da safe tana wasa da ludayina, washegari mun kai ta makwancinta. Ma'aikacin asibitin Wara bai ɓoye mini ba, ya ce ruwa ne. Na daɗe ba na son ko ganin tulu, kuma kullum sai na ɗora shi a kaina, don ba yadda zan yi.

Da soja suka sauka aka yi zaɓe, sai ga 'yan kwangila da motoci. Suka haƙa burtsatse a bayan masallaci, suka kafa tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, suka gina wa inji ɗaki, suka jera kawunan famfo. Ranar buɗewa an yi kiɗa an yi guɗa, ni kaina na yi kukan murna har da majina. Wata bai cika ba injin ya fara tari, famfo ya koma aman laka, daga nan ya yi shiru. Babanku da ya leƙa ɗakin injin ya dawo yana cewa sabon fenti ne a kan tsohon ƙarfe. Baba ya yi ta aikawa ƙaramar hukuma, amsa ɗaya ce, ana nan zuwa. Tanki ya zama inuwar awaki, ƙafafunsa suka zama wurin shanyar taru, mu kuma muka koma wa tafkinmu.

Ana nan sai wata safiya masinjan ƙaramar hukuma ya iso a kan babur. Ko saukowa bai yi ba. Ya ce manya suna tafe daga Sakkwato ranar Laraba, sun fara da ƙasar Shanga, za su biyo ta Yauri su iso mu, famfo za su duba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan ya tayar da ƙura ya tafi. Da ya ƙara kalma biyu, ya ce ƙorafi aka kai majalisar dokokin jiha kan famfunan da suka mutu, majalisa ta tashi kwamiti ya bincika, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Ban sani ba ko shi ma bai san bambancin ba.

A nan nake so ku tsaya ku fahimci kakanku. Tun yana saurayi yake ganin manya suna zuwa rangadi, na Bature, na En'e, na masu tayar da su daga gungu, na soja. Duk iri ɗaya ne a wurinsa. A share gari, a yanka rago, a yi musu kirari, su yi jawabi su tafi. Garin da ya tarbe su da kuka sai a ce garin 'yan tsageru ne, a tsallake shi a rabo. Ya taɓa gani da idonsa, wata tunga ta ɗaga murya a gaban wani babba, ɗakin shan maganin da aka yi musu alkawari ya koma wani gari. Da wannan wayon ya riƙe mutanensa tun daga gungu har tudu ba su watse ba. Bai taɓa ganin baƙon da aka aiko takanas don ya ji laifin gwamnati ba, saboda haka bai san akwai irinsa ba. Bayan la'asar ya tara mazan gari a gindin tsamiya, mu mata muna saurare ta bayan zana.

"Baƙonka annabinka," in ji shi. "Mutane su taso tun Sakkwato su iske ba mu da ko ruwan alwala? Su murɗa famfo shi yi musu huci? In munka nuna ma gwamnati abinta ya lalace, cewa za ta yi mu munka lalata, ba mu iya riƙon kyauta ba. A cika tanki."

Babanku ne kaɗai ya yi ƙarfin hali, shi ma da kansa a ƙasa.

"Baba, in sunka ga ruwa, ai ba su gyara shi."

"Kai yaro ne," in ji Baba. "In sunka ci sunka sha, ransu ya yi sanyi, ni ka raka babbansu mota in faɗa mai a kunne. Haka aka yi da manya. Ba a kunyata su cikin taro."

Kun ga ke nan ba ɓoye matsalar ya yi niyya ba. Hanyar da ya sani ya so ya bi da ita.

Haka muka duƙufa. Mata suka yi jerin gwano daga bakin tafki zuwa bayan masallaci, kowa da tulunta ko gwangwaninta. Maza suka hau tsani suna ja da guga, ana tacewa da tsohon mayafi kafin a juye. Wanda bai taɓa ciyar da tanki ba bai san cikinsa ba. Ka zuba ka zuba, ka buga jikinsa ka ji yana amsawa kamar ba ka yi komai ba. Wuyana ya ƙage, gammo ya cinye mini gashin tsakar ka, kai kuma Sa'idu kana goye a bayana kana ja mini kunne. Inna, da take da baki kamar reza, ta sauke tulunta ta dubi tankin nan sama da ƙasa.

"Wanga da anka ce shi ka hutar da mu," ta ce, "ga mu muna yi mai bauta. Ko mijina ban yi ma ɗibar ruwa haka ba."

Muka yi dariya har wata ta fasa tulu. Ba wadda ta ga laifin abin da muke yi, har ni. Rufin asirin gida muke yi, irin wanda kowace mace ke yi idan baƙi za su zo, ta ari tabarma a maƙwabta ta shimfiɗa kamar tata.

Ranar Laraba da hantsi motoci suka iso. Jama'ar tungayen da ke kusa duk sun zo kallo. Waɗanda suka sauko ba su yi kama da manyan da muka saba gani ba, riguna duk ƙura, fuskoki a gajiye. Shugabansu wani siririn dattijo ne daga wajen Gusau, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Daga baya na ji tsohon malamin makaranta ne. Tare da su akwai wani injiniya na ma'aikatar da ta ba da aikin, yana ta share gumi tun rana ba ta yi zafi ba. Baba ya nuna musu shimfiɗa da akusan tuwo da kifi, dattijon ya yi godiya ya ce aiki tukuna. Na ga fuskar Baba ta canza. Baƙon da ya ƙi fara cin abinci, a saninsa, da magana ya zo.

Aka ɗunguma bayan masallaci. Ɗaya daga cikinsu ya murɗa kan famfo, ruwa ya ɓarke da ƙarfi har ya jiƙa masa takalmi. Ba zan manta da fuskar injiniyan nan ba. Ya zo ne kamar wanda za a kai mahauta, sai ga ruwa. Ya dubi famfo, ya dubi tanki, ya dubi sama, kamar ya ce wane waliyyi ne ya yi masa wannan aiki. Da ya farfaɗo sai baki ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, ka gani ko? Na gaya muku sharrin 'yan hamayya ne. Ga ruwa nan."

Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya juyo wajen jama'a, ya yi magana a hankali yadda malamai ke yi wa yara.

"Jama'a, ku san ko mu su wane ne, don kada ku yi mana kallon da ba namu ba. Mu ba gwamnati ba ne, ba mu zo da abin rabawa ba, ba mu da ikon hana ku komai. Wakilanku ne da kuka zaɓa. Gwamnati ta zo majalisa ta ce a ba ta dama ta yi muku ruwa, aka ba ta. Ta dawo ta ce ta yi. Wasu suka ce ba ta yi ba. Shi ne aka ce mu zo mu gani, mu ji daga bakinku. Abin da aka faɗa a nan, a gaban dukanmu, shi za mu kai. Na kunne ba ma ɗauka, don ba a kafa hujja da shi. In kun ce ruwa na nan, mun rufe maganar garinku mun wuce gaba."

Famfo na ta zubar da ruwa a ƙasa, ruwan da muka ɗauko da wuyanmu. Ya tambaya su wa ke ɗibar ruwa a garin nan, aka ce mata. Ya ce to a kira masa mace, mai goyo in da hali. Maza suka shiga kallon juna, don ba a taɓa yin haka ba. Sai Baba ya ce,

"A kira ɗiyata. Ita ta saba da mutanen birni."

Na fito na durƙusa nesa kaɗan, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Na saci kallon babanku, idonsa na kan yatsun ƙafarsa. Na saci kallon Baba, ya gyaɗa mini kai sau ɗaya, irin na wanda ya ba ka amana. Dattijon ya matso ya rage murya.

"Yarinya, kada ki ji tsoro. Tsakaninki da Allah, famfon nan yana ba ku ruwa?"

Mutane suna cewa wai na daɗe da shirya abin da zan faɗa, wai 'yan siyasa ne suka zuga ni. Ƙarya ne. Har na buɗe baki da niyyar in ce mun gode Allah. Amma kai Sa'idu ka motsa a bayana, jikinka da ɗumi, kuma a lokacin shekarunka sun kai daidai na Rakiya sa'ad da ta tafi. Na san idan na ce e, motocin nan za su tashi, tankin zai ƙare kafin Juma'a, ba kuma wanda zai sake waiwayarmu, tunda mu da bakinmu muka ce muna da ruwa. Na san kuma idan na ce a'a, mutumin da ya riƙe ni kamar shi ya haife ni zan kwance wa zani a kasuwa. Ina son Baba, Allah ya sani. Amma ba zan iya sake wanke gawar ɗana ba.

"Ranka shi daɗe," na ce, "ruwan ga na tafki ne. Mu munka ɗebo shi da tulu munka zuba ma tanki, don kada ku iske mu cikin kunya. Famfon ga tun bara bai yi ɗigo ba. Ɗiyata guda ruwan tafki ya kashe, wanga da ni ka goye ina tsoro."

Sai wani daga cikin 'yan kallo na wata tunga ya fashe da dariya, dariyar ta bi bayan taro kamar wutar daji. Wannan dariyar ce ta yi ɓarnar, ba maganata ba, ko da yake maganata ce ta buɗe mata ƙofa. Dattijon ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juya wajen Baba ya tambaye shi cikin ladabi ko haka ne. Ku riƙe wannan, don masu ba da labarin suna tsallake shi. Kakanku yana iya cewa yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba, kuma duk mazan tungar za su goyi bayansa. Bai yi ba. Ya miƙe tsaye, ya gyara babbar rigarsa.

"Gaskiya taf faɗi. Ni nis sa. Kowa ya ɗauki tulu da umurnina ya ɗauka."

Dattijon ya yi ƙoƙarin rufa masa asiri. Ya ce Baba ba kai kaɗai ba ne, akwai garin da suka tarar an ɓoye marasa lafiya a bayan gari don kada baƙi su gani, ya ce laifin na waɗanda suka koya wa talaka tsoron faɗin ciwonsa ne. Daga nan suka sa injiniya ya tayar da inji, ya yi ta murɗawa har hularsa ta faɗi, ko tari bai yi ba. Suka sa aka buɗe bakin burtsatse aka zura igiya, ta taɓo ƙasa tun ba a je ko'ina ba. Suka ji bakin mata da yawa bayana, don da na fasa ƙwan kowa ta sami baki. Kafin su tafi suka zauna suka ci tuwon Baba, har dattijon ya nemi ƙari. Baba ya raka su mota kamar yadda ya yi niyya, sai dai ba sauran abin faɗa a kunne.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar kanta ciwo. Kafin kasuwar Wara ta ci labari ya riga mu isa. Duk inda ɗan tungarmu ya sauke kifi sai a ce masa ina tulunka, yau ba ku shayar da tanki ba? Aka kira Baba wurin hakimi aka yi masa faɗa, wai ya jawo wa ƙasa abin kunya, waɗanda ya yi ta aika wa su zo su gyara su ne a gaba wajen ganin laifinsa. Mutumin da ake sauke murya idan ya wuce ya zama abin ba'a a bakin 'yan kwale-kwale. Ya daina zuwa kasuwa. Ya daina zaman gindin tsamiya. Ni kuwa ƙannen babanku suka ce a mayar da ni Yelwa, bakina ya fi ƙarfin gidan. Babanku ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa ɗan'uwansa murya ba, amma ranar ya ce musu duk wanda ya ga ƙaryar da na yi ya faɗa, in babu a bar masa matarsa. Abin da aka daidaita a kai shi ne mu fita daga babban gida. Wannan ne asalin gidanmu na bakin gari da kuka tashi a ciki, ba don ƙuncin wuri ba kamar yadda muka riƙa gaya muku.

Baba bai taɓa zagina ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da lafiya, shi ke nan. Ɗiyata ta fita daga bakinsa. Tsokar giwan ruwa ta daina zuwa. Na yi kuka a ɓoye har na gaji. Inna ce kawai ke shigowa wurina, tana zagina tana ba ni daddawa. Wata rana ta ce mini,

"Cikin matan tunga duka, wa ab bai san bakinki ba? Shi da kainai ya ce a kira ki. Ki yi tunani."

Na yi tunanin har na tsufa. Wataƙila ya kira ni ne don ya amince zan rufa masa asiri. Wataƙila kuma ya gane an yi kuskure, girma ya hana shi warware maganarsa, ya nemi wadda za ta warware masa. Ban sani ba, ban kuma taɓa samun fuskar tambaya ba.

Kwamitin nan bai yi barci ba. Muka riƙa ji a rediyo an kira manyan ma'aikatar gaban majalisa suna amsa tambayoyi, abin da ba mu taɓa zaton ana yi wa mai mulki ba. An ce 'yan jam'iyyar gwamnati da ke cikin kwamitin sun sha matsi su sassauta, wasu sun sassauta, dattijon ya ƙi. Ko an hukunta wani ban sani ba, ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na sani shi ne bayan damina ta wuce sai ga wata babbar mota mai haƙa, da wasu ma'aikata daban. Suka yi ta haƙa har muka fid da rai, sannan ruwa ya taso fari tas. Ba a daɗe ba soja suka dawo aka rufe majalisar, garuruwan da layi bai kai kansu ba suka ci gaba da shan tafki. Tun daga nan na ga kwamitoci iri-iri, na ji waɗanda suka ci suka sha suka rufe baki, shi ya sa ba na jin haushinku idan kuna yi musu dariya a gaban talabijin. Amma ni ba na yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai saninsa ba ya amfani idan babu wanda aka ɗora wa nauyin ya zo ya tambaye shi, kuma ya iya tsare mai rufin ya ce ina aikin da ka ce ka yi. Ku duka da aka haifa bayan famfon nan ba wanda na binne.

Kowa a tungar ya koma shan famfo, har masu cewa a kore ni, ban da mutum ɗaya. Baba ya ce shi da tafki ya saba. Inna ta ci gaba da ɗebo masa, har gwiwoyinta suka ƙi. Sai na karɓa, ba tare da kowa ya sa ni ba. Kullum in wuce famfo da tuluna mata na kallona, in shiga taɓo in ɗebo, in tafasa a murhun banda, in bar shi ya huce, in kai randarsa. Ya san ni ke kawowa, bai hana ba, bai kuma yi godiya ba. Inna ta ce mini ni wawiya ce.

"Ki zuba mai na famfo mana, wa ka sani?"

"Inna," na ce, "na ga abin da zuba ruwa a ɓoye ka jawowa. Ba ni ƙarawa."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har ciwon ajali ya kwantar da shi cikin bazara. Wata rana bayan azahar na shiga da kunu, Inna na zaune tana yi masa fifita. Ya rame har ba ya cika tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwano zan fita kamar kullum, sai na ji muryarsa can ƙasa.

"Ɗiyata."

Na tsaya cik, ban yarda da kunnena ba.

"Wanga ruwa da kinka sayo muna da mutuncina, kawo in ɗanɗana, in ji ko ya kai."

Na fita da gudu kamar yarinya, mayafina na jan ƙasa. Na wanke moɗa na tara a famfo, ina sauri har rabi ya zube a hanya. Inna ta tallafo kansa na kafa masa a baki. Ya sha a hankali, yana hutawa, har ya shanye. Ya daɗe idonsa a rufe, mu kuma muna jira. Sannan ya turo mini moɗar da bayan hannunsa.

"Ƙaro," ya ce.

Na koma na ƙaro masa, wannan karon a cike.